Na'urar Baki da Yankewar Numfashi a Barci: Kariya ga Ma'aikata

A watan Fabrairun 2003, barci ya sace wani direban jirgin ƙasa mai tsananin gudu a ƙasar Japan. Ya yi kimanin minti takwas bai san inda yake ba, alhali jirgin na sheƙa gudu cike da fasinjoji. Na'urar da ke sarrafa jirgin da kanta ce ta tsayar da shi a tashar Okayama, kuma Allah ya tsare, babu wanda ya ji rauni. Bayan shekara goma, ranar 1 ga Disamban 2013, wani jirgin fasinja a birnin Niyok na Amurka ya shiga wata kwana da gudun kilomita 132 a sa'a, a wurin da ƙa'ida ta ce kada a wuce kilomita 48. Jirgin ya goce daga kan dogo, mutum huɗu suka rasu. Da likitoci suka binciki direbobin nan biyu, sai suka tarar cuta ɗaya ce ke damunsu ba tare da sun sani ba, wato yankewar numfashi a cikin barci.

Mece ce wannan cuta?

Iskar da muke shaƙa tana bi ta bayan harshe da ganɗa kafin ta gangara maƙogwaro ta isa huhu. Wannan sashe na hanyar iska ba shi da ƙashin da zai tokare shi. Tsoka ce kawai ke riƙe shi a buɗe. Idan mutum ya yi barci, tsokar kan saki. Ga yawancin mutane wannan ba ya hana iska wucewa. Amma ga wasu, harshe kan koma baya, hanyar ta ƙuntata, iska ta riƙa kaɗa naman wurin, shi ne ƙarar da muke kira minshari. Idan hanyar ta toshe gaba ɗaya, numfashi kan tsaya na daƙiƙa goma ko fiye. Daga nan iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya sake komawa barci. Da safe ba ya tuna komai.

Likitoci kan ƙidaya sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a sa'a guda ta barci. Daga sau 5 zuwa 14, cutar mai sauƙi ce. Daga 15 zuwa 29, matsakaiciya. Daga 30 zuwa sama, mai tsanani. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, na fama da ita. An fi samunta ga maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da masu ƙaramar haɓa. Barasa da ƙwayoyin sa barci na ƙara mata ƙarfi. Idan aka bar ta ba magani, tana ƙara haɗarin hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Illarta a wurin aiki

Mutumin da barcinsa ke katsewa sau talatin a kowace sa'a, ko ya kwanta sa'a takwas, zai wayi gari kamar wanda ya yi kwanan zaune. Sai ka gan shi yana gyangyaɗi a ofis, yana yawan mantuwa, yana saurin fushi, abokan aiki su ɗauka lalaci ne. Ga akawu, abin na iya tsayawa a kuskuren lissafi. Amma ga direban tirela da ke jigila tsakanin Legas da Kano, ko mai aiki da injin yankan katako, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, gyangyaɗin daƙiƙa uku na iya jawo asarar rai. Binciken masana ya nuna cewa haɗarin yin karo ga direba mai wannan cuta, idan ba ya samun magani, ya ninka na sauran direbobi sau biyu ko fiye. Goro da gahawa kan ɓoye gajiyar na ɗan lokaci, amma da dare maƙogwaron zai sake toshewa kamar jiya.

Injin hura iska

A 1981, wani likita ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Colin Sullivan ya bayyana wani injin da ke hura iska a hankali ta cikin tiyo zuwa takunkumin da aka ɗaura a hanci. Ƙarfin iskar ne ke hana maƙogwaro rufewa. Wannan inji, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CPAP, har yau shi ne ya fi kowane magani rage yankewar numfashi. Sai dai yana buƙatar wutar lantarki ko batir dare duka, yana da tsada, kuma mutane da yawa kan gaji da takunkumin su ajiye shi. Mai karatu zai iya auna halin direban da ke kwana a cikin mota a tasha, ko ma'aikacin da unguwarsu ke kwana biyu ba a kawo wuta ba.

Yadda na'urar baki take aiki

Tunanin gyara numfashi ta hanyar baki ya daɗe. Tun a 1902, wani likitan baki Bafaranshe, Pierre Robin, ya ƙera wata na'ura domin yara masu ƙaramin muƙamuƙi. A 1982 kuma, Rosalind Cartwright da Charles Samelson na Amurka suka ba da rahoton wata na'ura mai riƙe harshe don kada ya koma baya a barci. Wadda aka fi amfani da ita a yau ita ce mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba.

A ido tana kama da robar da 'yan damben zamani ke sawa don kare haƙora, sai dai ɓangare biyu ce: ɗaya na hawa kan haƙoran sama, ɗaya kan na ƙasa, an haɗa su da ɗan ƙarfe ko maɗauri. Da yake harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake manne, idan aka turo muƙamuƙin gaba da 'yan milimita kaɗan, harshen ma sai ya biyo shi, hanyar iska ta buɗe. Ɗalibi na iya gwada wannan da kansa: ya kwanta rigingine ya yi sautin minshari, sa'an nan ya turo haɓarsa gaba ya sake gwadawa. Zai ji sautin ya yi wuyar fita.

Likitan haƙori ne ke ɗaukar awon bakin majiyyaci, a ƙera masa tasa daidai da haƙoransa. Bayan haka ana ƙara turo muƙamuƙin kaɗan-kaɗan cikin makonni, har a kai inda numfashi ya daidaita ba tare da ciwo ba.

Wanne ya fi?

A 2013, masu bincike a birnin Sidni na Ostireliya sun ba majiyyata fiye da ɗari magungunan biyu, kowanne na wata guda. Injin ya fi rage yankewar numfashi, amma majiyyatan sun fi daɗewa sanye da na'urar baki a kowane dare, kuma mafi yawansu ita suka fi so. Da aka auna hawan jininsu, da yawan jin barci da rana, da yadda suka yi tuƙi a na'urar gwaji, sai aka ga sakamakon ya zo kusan ɗaya. Dalili shi ne, ƙarfin magani ba ya amfani a sa'o'in da ba a sa shi ba. A 2015, ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka ba da shawarar a yi wa manya na'urar baki idan sun kasa jure injin ko sun fi son wata hanyar, tare da fifita wadda aka ƙera musamman domin mutum, mai yiwuwar daidaitawa. Ga ma'aikaci mai yawan tafiya, alfanunta a fili yake: tana shiga aljihu, ba ta ƙara, ba ta neman wuta, buroshi da ruwa kawai take buƙata.

Abubuwan lura

Na'urar ba ta dace da kowa ba. Ta fi yin aiki ga masu cuta mai sauƙi ko matsakaiciya, kuma akwai waɗanda ba ta yi musu amfani ko kaɗan. Sai mai isassun haƙora masu ƙarfi da lafiyayyen dasashi zai iya sa ta. A makonnin farko takan jawo yawan yawu, ko bushewar baki, ko ciwon gaɓar muƙamuƙi da safe. Bayan shekaru tana iya ɗan gusar da haƙora, shi ya sa ake komawa wurin likitan haƙori lokaci-lokaci. Abu mafi muhimmanci, na'urar na iya kashe ƙarar minshari alhali numfashi na ci gaba da yankewa. Saboda haka wajibi ne a yi gwajin barci kafin a fara sa ta, a kuma sake yi bayan an daidaita ta. Sayen roba a kasuwa a cusa a baki ba ya maye gurbin wannan. Haka nan rage ƙiba da kwanciya ta gefe na taimakawa ƙwarai.

Kammalawa

Mai wannan cuta shi ne na ƙarshe da ke sanin yana da ita, domin a lokacin da take aikinta barci yake yi. Matarsa, ko yaron motarsa, ko 'ya'yansa su ne ke jin minsharin ya yanke, shiru ya biyo baya, sa'an nan ya ja numfashi da ƙarfi. Ɗalibin da ya lura da haka ga mahaifinsa ko yayansa, musamman idan tuƙi ko aikin inji suke yi, ya sanar da su cikin ladabi, ya roƙe su su ga likita a babban asibiti. Malamai kuma za su iya kawo wannan misali a darasin sassan numfashi, domin yara su koma gida da abin da zai amfani iyalansu.