Ɗigon madubin bindiga ba ya aiki ɗaya a kowane ninki

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin 'yan'uwanmu masu bin sawu a sansanonin farauta na kewayen Garwa, har ya tsallaka zuwa ga waɗanda ke Amurka suna harbin barewa in kaka ta yi. Daga jin maganar, mai ita dillalin kayan farauta ne. Yana bayani a kan madubin hange da ake ɗaura wa bindiga, iri biyun nan da ake rubuta FFP da SFP a jikin kwalinsu. Ya haɗa gaskiya da ƙarya ya dama, kuma ɗaya daga cikin maganganunsa tana iya jawo asarar rai.

A cikin madubin akwai gicciyen saiti, akwai kuma gilasan da ke jawo hoto kusa idan ka murɗa zoben ninki. In an sa gicciyen a gaban gilasan, ta wajen bakin bindiga, shi ne FFP: hoto ya girma, gicciye ya girma tare da shi. In an sa shi a bayansu, kusa da ido, shi ne SFP: dabba ta girma ko ta ƙanƙance, gicciye yana nan yadda yake. Iyakar bambancin ke nan.

Ya ce FFP yana ƙara wa harsashi nisa da ƙarfi. Madubi ba ya taɓa harsashi, magana ta ƙare. Ya ce SFP tsohon yayi ne, kusan jabu. Mafarautan Amurka da shi suka saba, kuma gicciyen Duplex da kamfanin Leupold ya fito da shi a 1962 har gobe ana harbi da shi, yayin da na Jamus da Ostiriya suka daɗe suna son FFP. Inda ya ce FFP ya fi tsada, galibi haka ne.

Wadda ta sa na ɗauki alƙalami ita ce cewarsa ɗigon nan da ke jere ƙarƙashin gicciye, waɗanda ake ɗaga saiti da su in dabba ta yi nisa, aiki ɗaya suke yi a kowane ninki, ko wane irin madubi kake riƙe da shi. A FFP gaskiya ne. A SFP ƙarya ce tsagwaronta, kuma mutumin da ke sayar da kayan nan ba shi da uzurin rashin sani, domin takardar da ke cikin kwali ta faɗa. Ɗigon SFP a ninki ɗaya tak aka auna su, yawanci na ƙarshe.

Mu ɗauki madubi mai ninki 4 zuwa 16, wanda in zoben yana kan 16, tsakanin ɗigo da ɗigo yake rufe santimita 10 a nisan mita 100. A mita 300 ya zama santimita 30. Mu ce harsashinka da santimita 30 ɗin yake faɗuwa a wannan nisan, sai ka ɗora ɗigon farko a kafaɗar mariya, harsashi ya shiga inda ka nufa. Amma in zoben yana kan 8, hoton ya ragu da rabi alhali ɗigon bai motsa ba, don haka tazarar ta koma santimita 60. Ka ɗaga bakin bindiga ninki biyu na abin da kake buƙata. In yana kan 4, santimita 120 ne. Wurin zuciya da huhu a irin wannan dabba kuwa bai fi faɗin faranti ba. A ninki 8, harsashi ya haura inda ka nufa da santimita 30, ko dai ya tsage mata tsokar baya ta gudu da rauni ta mutu a cikin ciyawa ta zama mushe, ko ya wuce ta gaba ɗaya ya ci gaba da tafiya. Dajin Benuwe da na Faro kuma ba kufai ba ne. Makiyaya suna ratsa shi da shanunsu.

Ban ga laifin wanda ya yarda da saƙon ba. Ya saita bindigarsa a filin gwaji, zobe a ƙure, ɗigo ya yi masa daidai, sai ya ɗauka haka abin yake kullum. Ranar farauta, da asuba, ya sassauto da ninki domin ya ga fili sosai a cikin duhuwar itatuwa. Gwanki ya ɓullo can ƙetaren fadama, gaba yana dukan uku-uku, mai bin sawu yana raɗa masa ya yi sauri. Wa zai tuna da zobe a wannan lokacin? Tsakiyar gicciyen ma ba ta yaudare shi ba, domin a madubi mai kyau tana nan a saitinta ko ina aka murɗa. Shi ya sa kuskuren yake ɓoyuwa har sai ranar da aka bukaci ɗigo. Masu arha dai wani lokaci tsakiyar ma takan ɗan goce, wannan sai an gwada kowanne da harsashi a san halinsa.

Abin da dillalin ya ɓoye shi ne FFP ma yana da nasa aibin. A ƙaramin ninki gicciyensa yakan sirance har ya ɓace a jikin baƙar ɓauna da magariba, in ba mai fitila a ciki ba ne. Wanda harbinsa bai wuce mita 150 ba, kuma da tsakiyar gicciye yake aiki, SFP mai kaurin zane ya ishe shi, ya riƙe kuɗinsa. Wanda ke harbin nesa a buɗaɗɗen fili yana dogara da ɗigo, FFP ya fi masa kwanciyar hankali.

Gwajin ba ya cin ko harsashi ɗaya. Cire harsashi, ka ja layuka a kwali, tsakaninsu santimita 10 in ɗigonka irin na misalin nan ne, ko tazarar da takardar madubinka ta faɗa, ka kafa shi a mita 100. Kwantar da bindigar a kan buhun yashi, ka duba, ka murɗa zoben a hankali. In ɗigo sun ci gaba da hawa kan layukan, naka FFP ne. In layukan sun matsu ko sun buɗe sun bar ɗigon, SFP ne, sai ka sa alama a kan lambar da suka yi daidai, kada ka ɗaga saiti da ɗigo sai zobe yana kanta.

Duk wanda ya tura wa wani saƙon nan, don Allah ya koma ya gaya masa ya yi wannan gwajin kafin a buɗe farautar rani.