Idan Ƙoƙon Gwiwa Ya Goce

Shirinmu na lafiya na wannan mako ya ɗauko batun ƙoƙon gwiwa, wato ɗan ƙashin nan mai motsi da ke gaban gwiwa. Ga abin da aka tattauna, domin waɗanda shirin ya wuce su.

Shi ƙoƙon gwiwa a cikin jijiya yake, wadda ta taso daga tsokar gaban cinya ta sauka ta kama ƙwauri. A ƙarshen ƙashin cinya kuma akwai wani ɗan kwari da yake bi, ya yi sama ya yi ƙasa duk lokacin da aka miƙe ƙafa ko aka lanƙwasa ta, kamar yadda igiyar guga ke bin gurbin da ta ci a itacen bakin rijiya. In ya fita daga kwarin nan, kusan kullum ta gefen waje yake fita, don can tsokar cinya ta fi jan sa. Wata siririyar jijiya ce ke riƙe shi ta ciki, kuma galibi ita ke tsinkewa a gocewar farko.

An fi ganin abin ga matasa, musamman 'yan mata. Ba sai an yi haɗari ba. Ɗan ƙwallo ko ɗan kokawa ya kafa ƙafa ya juya jiki, sai ka ji ya kwarma ihu, gwiwa ta lanƙwashe, ƙoƙon ya koma gefe. Wasu kuwa halittarsu ce ke jawowa: kwarin ba shi da zurfi, ko ƙoƙon ya hau sama da yawa, ko ƙafar gwame ce, ko jijiyoyinsu sun cika saki. Irin waɗannan, ko bai goce gaba ɗaya ba, yana bin hanyarsa a karkace. Za ka ji suna kukan zafi wajen tsuguno, saukowa daga bene, ko zaman tahiya, wani lokaci gwiwar ta sake su ba zato.

To, yaya likita ke ganewa? Zai kalli tsayuwarka da tafiyarka, sannan ya ɗan tura ƙoƙon waje da yatsa. Wanda ya taɓa gocewa nan take zai zabura ya riƙe hannun likita, kuma wannan zaburar kanta shaida ce. Daga nan sai hoton ƙashi, wanda mutanen Nijar ke kira radiyo, ba irin tamu mai magana ba. Ana neman ko wani ɓarin ƙashi ya ɓalle. Inda akwai na'urar MRI, ita ke nuna jijiya da guringuntsi.

Sau da yawa da an miƙe ƙafar a hankali ƙoƙon kan koma da kansa, kuma nan ne mutanenmu ke yaudaruwa. Ya koma, an shafa man zafi, shi ke nan. Alhali jijiyar da ta tsinke tana nan a tsinke. Gocewar farko, in babu ɓarin ƙashi, ba a cika yi mata tiyata ba: a sa ƙanƙara a cikin tsumma, a ɗaga ƙafa, a ɗaura abin tallafar gwiwa na ɗan lokaci. Babban maganin shi ne atisayen ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu a wajen masu gashin ƙashi. Yakan ɗauki kamar mako 6 kafin gwiwa ta warware, komawa fili kuwa sai wajen wata 3. Matasa sun fi karya wannan doka, kuma su ne suka fi dawowa, domin wanda ya goce sau biyu na uku ba ya yi masa wuya, kowace gocewa kuma tana kankare guringuntsi.

Idan ya zama ɗabi'a, sai tiyata. Akan ciro jijiya daga bayan cinya a maye gurbin wadda ta tsinke. Wani lokaci akan matsar da wurin da jijiyar ƙoƙon ta kama ƙwauri, amma ba a yin wannan ga yaron da ƙashinsa bai gama girma ba. Aiki ne na likitan ƙashi, irin na asibitin Dala da ke Kano.

Masu ɗori suna da gurbinsu a cikin jama'a, amma don Allah kada a bari a ɗaure gwiwa tamau da karare. In ƙafa ta yi sanyi, ko ta mutu ba a jin taɓi, ko yatsu suka canza launi, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.