Kitsen da Sikeli Ba Ya Gani

A shekarar 1959 wasu likitoci biyu da ke aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, Shaper da Jones, suka rubuta wa mujallar likitanci ta Lancet wani abu da ya ɗaure musu kai. Cutar toshewar jijiyoyin zuciya, wadda ke kawo bugun zuciya, da ƙyar ake ganinta a tsakanin baƙar fatar garin, amma tana ta kwasar Indiyawan da ke zaune a birnin. A daidai wannan lokaci masu binciken gawa a Singafo suka lura jijiyoyin zuciyar Indiyawa sun fi na Sinawa lalacewa nesa ba kusa ba. Daga baya irin wannan labari ya fito daga Afirka ta Kudu da Fiji da Tirinidad, inda Turawan mulkin mallaka suka kai leburori daga Indiya don aikin gonakin rake. Da aka duba takardun mutuwa na Ingila da Wales daga 1979 zuwa 1983, sai aka tarar mazan da aka haifa a yankin Indiya sun ɗara sauran jama'a mutuwa da wannan cuta da kashi 36 cikin ɗari, matan kuma da kashi 46. Ruwa ba ya tsami banza. Mene ne ke bin mutanen nan duk inda suka sa ƙafa?

Wanda aka fara kamawa shi ne man shanu. Mutanen arewacin Indiya da Pakistan suna soya shi kamar yadda muke yi, su zuba a miya, su shafa a gurasa, su yi alawa da shi. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai da aka gwada jinin 'yan Asiya ta Kudu, wato mutanen yankin Indiya, a Landan, kolestarol ɗinsu bai wuce na Turawa ba, na 'yan Bangladash ma ƙasa yake. Aka koma kan taba sigari, sai ga mabiya addinin Sikh, waɗanda addininsu ya haramta musu taba, su ma cutar ba ta ƙyale su ba, haka matan da yawancinsu ba su taɓa sa kara a baki ba. Aka ce nama ne, alhali Hindun Gujarat da yawa ko ƙwai ba sa ci. Aka ce hawan jini ne, amma baƙar fatar Karebiyan da ke zaune a unguwannin sun fi kowa hawan jini, kuma bugun zuciya bai dame su kamar Turawa ba ma. Mutanen da harshensu da addininsu da tukunyarsu duk suka bambanta, ciwonsu ya zo ɗaya. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Bakin zaren ya fito ne daga Southall, wata unguwa a yammacin Landan da 'yan Punjab suka cika. A ƙarshen shekarun 1980 Paul McKeigue da Michael Marmot da abokan aikinsu suka gwada mutum sama da 3,000 masu shekara 40 zuwa 69. Ban da hawa sikeli, sun auna ƙugun kowa da tef, sun ba shi ruwan suga ya sha, sannan suka ɗebi jini. Sakamakon ya fito a 1991. Kashi 19 cikin ɗari na 'yan Asiya ta Kudu suna da ciwon suga, Turawa kuwa kashi 4. A kan sikeli mazan ɓangarorin biyu ba su da wani bambanci, amma tef ya nuna kitsen 'yan Asiya a ciki yake taruwa.

Kitsen tumbi daban yake da na cinya. Yana naɗe hanji, yana shiga hanta, yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka. Idan ƙofar ta cije sai jiki ya ƙara zubo insulin, suga ya yi ta yawo a jini, wani kitsen jini ya hau, kolestarol mai amfani wanda ke share jijiyoyi ya sauka. Shekara da shekaru wannan na cin bangon jijiyoyin zuciya, mai shi kuwa yana ganin kansa lafiya lau tunda ba shi da ƙiba.

A 2004 Lancet ta buga wani hoto da ya fi dogon bayani. Likitoci biyu ne tsaye kafaɗa da kafaɗa, John Yudkin na Landan da Chittaranjan Yajnik na birnin Pune a Indiya. Ma'aunin BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsayinsa, ya ba kowannensu 22.3, wato daidai wa daida. Da aka sa su a na'urar da ke hango cikin jiki, kitsen Yudkin, mai gudun dogon zango, kashi 9.1 ne cikin ɗari na jikinsa, na Yajnik kuwa 21.2. An gina ma'aunin ne a kan jikin Bature, aka yi ta sallamar siraran Indiyawa da shi ana ce musu ba komai.

Saura tambaya ɗaya: yaushe kitsen ya fara ɓuya? Yajnik ya bi mata masu juna biyu a ƙauyuka shida kusa da Pune, ya auna jariransu, ya kwatanta su da na Southampton a Ingila, garin da David Barker ya yi suna da nazarin yadda ƙarancin abinci a mahaifa ke bin mutum har tsufa. Jariran Pune suna zuwa da kimanin kilo 2.7, na Ingila 3.5. Tsokarsu kaɗan ce, cikinsu ƙarami, amma kitsen da ke ƙarƙashin allon kafaɗarsu ya kusa kamo na jariran Turawa. Jikin da aka gina cikin rashi yana tattalin kitse, yana rage tsoka, kamar magidancin da ya sha fari bai yarda rumbunsa ya zama fanko ba.

Idan abin tun daga ciki ne, ke nan babu dabara? Amsar ta zo daga 'yan'uwan juna. A wani bincike da aka buga a 1995 an gwada 'yan Punjab mazauna yammacin Landan, aka je aka gwada yayyensu da ƙannensu da suka rage a gida. Dukkansu suna da yawan wani nau'in kitsen jini da ake gado. Amma na Landan sun fi nauyi, jininsu ya fi hawa, suga da kolestarol ɗinsu sun fi yawa. Gado busasshiyar ciyawa ce, zaman birni ne ashanar: aikin zaune, mota, farar shinkafa, soye-soye, shayi mai zaƙi. Shi ya sa yanzu cutar ta cika Delhi da Karachi da Dhaka, ba sai an ƙetare teku ba.

Binciken INTERHEART da Salim Yusuf na Jami'ar McMaster a Kanada ya jagoranta a ƙasashe 52 ya ɗaure maganar. Abubuwa tara, cikinsu har da taba, kitsen jini, hawan jini, suga, tumbi, damuwa, rashin motsa jiki da ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, su ke da alhakin kusan kashi 90 cikin ɗari na bugun zuciya a ko'ina. 'Yan Asiya ta Kudu bugun farko na samunsu a shekara 53 a tsakaice, sauran duniya kusan 59, domin waɗannan abubuwa suna taruwa musu da wuri.

Da aka gane ɓarawon sai aka sake awo. A 2004 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce ga mutanen Asiya haɗari na farawa tun BMI yana 23, ba sai ya kai 25 ba. A 2005 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta sa iyakar ƙugu santimita 90 ga mazan Asiya ta Kudu, 80 ga mata. A 2018 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka rubuta cewa kasancewa ɗan asalin Asiya ta Kudu abu ne da likita zai lissafa cikin haɗari.

Amma wanda ba ya jin ciwo ba ya zuwa asibiti, don haka dole awon ya je inda yake. A Birtaniya ana kai gwajin jini masallatai da wuraren ibadar Hindu da Sikh. A Chennai Dakta Ramachandran ya bi mutum 531 da sugansu ya fara hawa: cikin shekara uku kashi 55 na waɗanda aka bari suka kamu da ciwon, waɗanda aka koya wa tafiyar ƙasa da gyaran abinci kuwa kashi 39. A Edinburgh da Glasgow masanan abinci suka riƙa shiga gidajen Indiyawa da 'yan Pakistan suna zama da mai girki, don a gidan da tukunya ɗaya ce mutum guda ba ya canja cimarsa shi kaɗai. Bambancin nauyin da aka samu bayan shekara uku bai wuce kilo ɗaya da rabi da 'yan kai ba, abin da ya nuna raba mutum da abincin gidansu ba wasa ba ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da Tazeen Jafar ta jagoranta a ƙauyukan Bangladash da Pakistan da Siri Lanka, aka buga a 2020. Ma'aikatan lafiya na karkara suna zagaya gidaje duk wata uku da na'urar awon jini, su gwada, su yi nasiha, su tura wanda jininsa ya hau wurin likita. Bayan shekara biyu jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ya ƙara sauka da maki biyar fiye da na sauran. Shekara sittin bayan takardar Kampala, kayan aikin da suka fi amfani su ne tef irin na tela, da na'urar da ke shiga jaka, da wata 'yar unguwa da idan ta yi sallama ake ce mata ta shigo.