Dokar Cinna Wuta a Cikin Gari

Masu zuwa birni cin rani, ku sani akwai doka kan cinna wuta a fili.

A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana ƙona daji da shara barkatai. Hukumar kare muhalli, NESREA, ita ke kula da ita. Mai son ƙona daji sai ya nemi izini tukuna. Wanda ya karya dokar, ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi.

Dalili kuwa, gidajen birni a manne suke. Da hunturu, tartsatsi ɗaya kan cinye kasuwa. Hayaƙin leda da taya kuma yana jawo tari da ciwon ƙirji.

In kana Kano, zuba shara inda motar REMASAB ke kwashewa. Rigakafi ya fi magani.