Cakin Da Banki Ya Mayar Da Kuɗin Ɗaukaka Ƙara

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san mu mutanen Daudawa noma ne abin taƙamarmu, auduga da masara da dawa. Idan kaka ta yi, fatake sukan zo saye, wani kuwa maimakon tsabar kuɗi sai ya rubuta caki ya ce a je banki a Funtua a karɓa. To, idan aka je banki ya ce babu kuɗi a asusun mutumin fa? Wannan ne nake so in yi bayani a kai, musamman abin da ke biyo bayan hukunci.

A Nijeriya akwai doka a kan haka tun 1977, zamanin mulkin Janar Obasanjo, watau Doka ta 44 ta wannan shekara. Duk wanda ya karɓi kaya ko bashi ya ba da caki, aka kai banki cikin wata 3 aka mayar don rashin kuɗi, ya yi laifi. Hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ne, ba zaɓin tara. Idan kamfani ne, tarar da ba ta gaza Naira 5,000 ba, wadda yau ko buhun taki ba za ta saya ba. Babbar Kotun Jiha ce ke jin shari'ar, kuma wanda aka ɗaure yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara. Dokar ba ta ce sai ya ajiye wani kaso na kuɗin kafin a saurare shi ba. Abin da ke yi masa wuya shi ne samun beli, domin alƙalai ba sa bayarwa bayan hukunci sai da dalili mai ƙarfi.

A ƙasar Indiya kuwa sun bi wata hanya dabam. Can ma laifi ne, ana iya ɗaure mutum har shekara 2, ko a ci shi tara har ninki biyu na kuɗin cakin. Amma sai masu laifi suka mai da ɗaukaka ƙara wurin fakewa, shari'a ta yi ta tafiyar hawainiya, mai kaya na zaune hannu rabbana. Saboda haka a 2018 majalisarsu ta ƙara sashe na 148 a dokar. Yanzu kotu na iya umartar mai ɗaukaka ƙara ya ajiye aƙalla kashi 20 cikin 100 na tara ko diyyar da aka yanke masa, cikin kwana 60, a iya ƙara masa kwana 30 in da uzuri. Misali, in da a nan ne, aka yanke wa falke diyyar Naira miliyan 2 ta masara, sai ya kawo Naira 400,000. Kotu na iya miƙa wa mai kaya kuɗin tun shari'a ba ta ƙare ba, amma in aka wanke falken, dole ya mayar har da ruwa. Wannan ruwan kam, na san malamanmu ba za su yarda da shi ba.

A ganina tsarin Indiya ya fi tausaya wa manomi, don ɗaure falke ba ya biya masa kuɗin makarantar 'ya'yansa. Sai dai fa alƙali ma ɗan Adam ne, yana iya kuskure. Talakan da aka yanke wa hukunci bisa kuskure, in ba shi da kashi 20 ɗin, ina zai sa kansa? Kotun Ƙolin Indiya ta ce a 2019 ajiyar ita ce ƙa'ida, sa'an nan a 2023, a shari'ar Jamboo Bhandari, ta ce kotu na iya ɗage ta idan za ta toshe wa mutum hanyar ɗaukaka ƙara, muddin alƙali ya rubuta dalilinsa.