Gyaran ƙofar gida ba sai an ci bashi ba

A Kubwa da Lugbe da Gwarinpa, inda ma'aikatan tarayya da dama ke zaune, ƙofar gida ce ke zuwa ƙarshe a lissafin albashi. Kuɗin haya da na mota da na makarantar yara sukan cinye rabonta. Amma ita baƙo ke fara gani, kuma idan aka yi sakaci da ita, a nan ruwa ke kwanciya sauro ya hayayyafa.

Shi ya sa gyara ke farawa daga kwata. Daminar Abuja kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwanta kuma mai ƙarfi ne. Wanda ya yashe magudana, ya cike ramuka da jar ƙasa, ya shimfiɗa tsakuwa daga bakin ƙofa zuwa baranda, ya rabu da taɓo ba tare da sayen siminti ba.

Shuka kuwa a farkon damina ake yin ta, domin ruwan sama ya ɗauke nauyin ban-ruwa. Lalle kan zama shinge mai kyau idan ana aske shi, yana kuma jure rani. Zogale na kamawa daga reshe, ga ganyen miya. Darbejiya na da inuwa, sai dai saiwarta kan tsaga katanga, don haka nesa da gini ake dasa ta.

Ɗan haya gara ya shuka a tukwane ko tsofaffin bokitan fenti da aka huda gindinsu, ranar tashi ya kwashe abinsa. Fenti ne ƙarshe, da izinin mai gida, bayan ruwa ya ɗauke bango ya bushe.