IDON ITACE: KALMAR DA TURAWA SUKA KUSA MANTAWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙa a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya ga yadda masassaƙi kan jujjuya gungumen ƙirya ko na kaɗanya yana dubawa kafin ya ɗora masa gizago. Abin da yake nema shi ne ido, watau ƙullutun nan mai tauri da ke cikin itace. In ido ya faɗo a gindin turmi, to, aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza, domin daga nan turmin zai soma tsagewa.

Asalin ido kuwa reshe ne. Yayin da bishiya ke ƙara kauri shekara bayan shekara, takan haɗiye gindin reshenta. In reshen yana da rai, idon kan manne da jikin itacen gam. In kuwa ya riga ya mutu, sai idon ya yi sako-sako, har ya fice ya bar rami bayan katako ya bushe.

Turawan Ingila suna da wata tsohuwar kalma ta wannan abu, watau knar, wadda ba a furta harafin k na farkonta. Yau da wuya a ji ta a bakin Bature, sai dai a ƙamus, domin knot ce ta maye gurbinta. Amma mawaƙin nan Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu cikin 1400, ya yi amfani da ita wajen siffanta wani mai niƙan hatsi, ƙaƙƙarfa kakkaura, kamar dai yadda Bahaushe kan kwatanta ƙaƙƙarfan mutum da gungume.

Har wa yau kalmar tana da 'yan'uwa. Akwai knur, wadda ban da idon itace, ita ce sunan 'yar ƙwallo mai tauri da mutanen Yorkshire ke bugawa da sanda a wani tsohon wasansu. Akwai kuma gnarled, mai nufin abin da ya murɗe ya yi ƙulle-ƙulle. William Shakespeare ya siffanta wata bishiya da ita, yanzu kuwa akan faɗe ta har ga hannun tsoho da aiki ya ƙanƙance.

Abin lura shi ne, rubutu ne ya tserar da knar daga ɓacewa. Hausa ma ta ci irin wannan moriya a ƙamusun Bargery na 1934, amma kalmomin sana'a a bakin masu sana'a suke rayuwa, alhali kuwa sassaƙa tana ja da baya. Injin niƙa ya rage wa turmi aiki, roba ta kori akushi, masu gawayi sun far wa ƙirya. Madobiya kuwa an yi ta saranta ana kai wa ƙasar Sin, har sai da yarjejeniyar CITES ta ƙara tsaurara cinikinta tsakanin ƙasashe cikin 2017. In itace ya ƙare, sunayen sassansa ma za su bi shi.

Saboda haka ya kamata malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa cikin 2011, su ɗauki alƙalami su nufi rumfunan tsofaffin masassaƙa, su rubuta sunan kowane aibin itace da kowane kayan aiki, da Hausa da Eggon da Alago da sauran harsunan jihar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa a dace, amin.